Shekarar da Jar Mota Ta Kusa Hana Ni Aure

Jan na fara gani, tun kafin in san ko mene ne. Muna gonar yayana muna kakkaɓe riɗi, na ɗaga kai in gyara mayafina, sai ga wani abu ja yana saukowa daga kwalta zuwa hanyar ƙauyenmu, a hankali, yana kauce wa ramuka kamar amaryar da ba ta son ɓata lallenta. Mu nan kudu da Abu Hujar mun san lori, mun san tarakta, mun san bokasi mai ɗaukar buhuna da awaki. Ba mu taɓa ganin mota mai ƙofa biyu ba, gajeruwa, cikinta ya kusa shafar ƙasa, tana gurnani a ciki-ciki. Kowa ya ajiye aikinsa yana kallo. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin na sha ganin wannan motar, amma a takarda.

'Ya'yana, kun san ni da littattafaina. Wata mata daga yamma ce ta sauka gidanmu ina budurwa, a hanyarta ta zuwa aikin hajji, ta koya mini karatun boko, ta bar mini ƙullin ƙananan littattafan soyayya na kasuwa. A cikinsu saurayi ba ya zuwa da ƙafa. Yana zuwa ne cikin mota mai sheƙi, ya sauke gilashi, ƙamshin turarensa ya riga maganarsa fita. Na karanta su har bangonsu ya rabu da su, na karanta su ina amarya, na karanta su bayan na fita takabar mijina na fari, lokacin da nake zaune gidan yayana da yara biyu, shekaruna sun haura talatin, ba wanda ke sallama da ni.

Wanda ya sauke gilashin ranar Babikir ne. Ku yi mini haƙuri in kira sunan babanku a wannan babin, domin lokacin bai zama mijina ba. Ya yi shekaru masu yawa a ƙasashen Larabawa na tsallaken teku yana tuƙa wani attajiri, da zai dawo gida maigidan ya ba shi tsohuwar motar ɗansa ta wasan gudu. Furfura ta fara fito masa a gefen kai. Bai yi ƙamshin turare ba, ƙamshin fetur da tafiya ya yi. Ya gaishe da yayana, ya gaishe da Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune tare da mu, sannan ya dube ni ya ce, "Nafisa, har yanzu kina karatu a gindin bishiya?" Ashe bai manta ba.

Na rubuta wannan ne domin na san abin da kuke ji a gidajen biki. Har yau akwai masu cewa na je wurin malami aka juya sharrin da ke kaina ya koma kan kakarku Hajja Dije. Ban je wurin kowa ba. Ga yadda abin ya faru.

Bayan an gama girbi ya fara zuwa zance da la'asar. A zuwansa na fari ya fito yana goge hannu, fuskarsa ba walwala, ya ce wasu fitilu biyu sun kama a gaban sitiyari yana hanya. Na leƙa na gani. Ruwan ɗorawa ne su biyun. Ɗaya da'ira ce da haruffan boko uku a ciki, na karanta masa su, A da B da S. Ɗayar hoton 'yar mota ce da layuka biyu a karkace a bayanta, kamar sawun maciji. Ya bayyana mini cewa motar tana da wani hankali nata. Idan mutum ya taka birki da ƙarfi, shi ke hana ƙafafun su ƙame su ja ƙasa, idan kuma ƙafa ɗaya ta fara zamewa shi ke riƙe ta. In fitilun sun kama, wannan hankalin ya janye hannunsa ke nan. Birki yana nan, amma mai taimakonsa ba ya nan.

Washegari fitilun suka mutu da kansu. Ya je Dindir ya dawo, lafiya lau. Ya kai buhunan iri gona, lafiya lau. Ranar da ya sake zuwa wurina, suka kama. Haka abin ya ci gaba, har ya zama kowa a ƙauyen ya sani. Ya ƙara ɗaure kan batir. Ya sa an daidaita iskar tayoyi huɗun. Ya canja fis. Ya tafi har Damazin wurin Usta Haruna, babban makaniken da ke da na'urar da ake jonawa mota ta faɗi ciwonta. Na'urar ta ce ƙafar baya ta hagu takan yi shiru wani lokaci, ba ta aika labarin gudunta. Usta ya auna wayar, ya same ta lafiya, domin ran nan fitilun a mace suke. Ya ce masa, "Ya zol, bawan Allah, mara lafiyar da ke dariya a gaban likita ba a gane ciwonta. Kawo mini ita tana kuka."

Sai dai ba ta kuka sai in wurina za ta.

A nan ne tsohuwar magana ta tashi. Mijina na fari ya rasu da zazzaɓi a shekarar da tsutsa ta cinye masa auduga, kuma tun lokacin akwai masu raɗa cewa ina da farar ƙafa, wato duk gidan da na taka arzikinsa sai ya watse. An daɗe ba a faɗa a gabana ba. Yanzu ga ƙarfe, wanda ba ya gaba da kowa, yana ba da shaida a kaina. Ni da farko ban ɗauke shi haka ba. Na ɗauka zuciyar motar ce ke bugawa tare da ta mai ita, har na rubuta hakan a takarda na ɓoye a ƙarƙashin matashi. Gwaggo Ladi ce ta sauko da ni ƙasa.

"Ke ɗiyar nan, mi kike murmushi? Garin ga duka ana cewa arabiyya ta ƙi ki, ke kina nan kina shaƙar bangon littafi."

"Gwaggo, mota ba ta ƙin mutum."

"Jaki na ƙin mutum, raƙumi na ƙin mutum, wagga da ta sha ruwan Larabawa mi zai hana ta?"

Sai wata rana ya tashi daga wurina, fitilun na kunne, shanun makiyaya suka ɓullo masa a gangaren da ke kusa da kwalta, inda tsakuwa take a baje. Ya taka birki, ƙafafun suka ƙame, bayan motar ya juyo gaba, ta faɗa cikin shingen ƙaya. Goshinsa ya tsage, aka yi masa ɗinki. Allah ya kiyaye, ba saniyar da ta mutu, ba ƙashin da ya karye. Amma Hajja Dije, wadda shi kaɗai ne ɗanta namiji, ta aiko a gaya wa yayana cewa ba ta yi shekaru tana jiran ɗanta ba don ta binne shi da hannunta. Ta ba Babikir zuwa watan azumi ya janye maganar, ko ta ɗaga masa nono.

Ban ga laifinta ba, ko a lokacin. Na yi kwanaki ina duban tafin ƙafata in na zo alwala. Abin da ya fi ciwo shi ne na fara yarda. Na ce wa kaina, in da gaske ne fa? In ina son mutumin nan, ba sai in bar shi ya rayu ba? A littattafaina akwai irin wannan yarinyar, wadda ke sadaukar da soyayyarta ta koma gefe tana hawaye, kuma na daɗe ina ganin ita ce ta fi kowa daraja. Na shirya kalmomin da zan sallame shi da su, masu kyau ƙwarai, da misalin wata da gajimare.

Da ya zo, da farin ƙyalle a goshi, na fito da gahawa na zauna nesa da shi a kan gadon igiya. Kafin in buɗe baki idona ya sauka a kan motar. Tana sheƙi. Ƙaya ta kakkarce gefenta, amma ko ƙwayar ƙura babu, har ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinta yana yin 'yan ɗige-ɗige a ƙofar gidanmu. Sai na tuna ban taɓa ganinta a ƙofar nan ba sai da wannan ɗigon. Abu ɗaya da littattafan nan suka koya mini da gaske shi ne, ba abin da saurayi ke faɗa a wurin zance ne ke nuna shi ba, abin da yake yi kafin ya zo ne.

"Babikir, mi kake yi kafin ka taho wurina?"

"Sallah nake yi, in sa jallabiya."

"Kafin nan fa?"

Ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da satar dabino. Ashe duk ranar zance sai ya gangara da ita mushra, mashigar kogi inda direbobin lori ke wanke motocinsu. Yadda suke yi haka yake yi, ya shiga da baya har ruwa ya rufe rabin ƙafafun baya, ya yi ta kwara mata bokiti yana goge ta da rawaninsa. Lori dogo ne, ruwan ko gwiwarsa ba ya kaiwa. Ita kuwa 'yar gajeruwar nan zama take yi a ciki. Zuwa Dindir ko gona bai taɓa wanke ta ba. Don wa zai wanke?

Ban san komai game da mota ba, amma na san lissafin mace mai neman kuɓuta. Na ce masa daga yau kada ya sake wanke ta. Ya zo mini da ita yadda take.

"Nafisa, da datti? Gidan surukai? Mi mutane za su ce?"

"Sun riga sun faɗi wanda ya fi shi."

Ku da kuka tashi a wannan zamanin ba za ku gane nauyin abin ba. A wurinmu mai neman aure ko jakinsa sai ya goge kafin ya ɗaure shi a ƙofar gidan yarinya. Zuwa da abin hawa mai datti faɗa ne ba da baki ba, cewa ba ku kai a yi muku kwalliya ba. Motar tana kwana ƙarƙashin dalbejiya, tsuntsaye suka yi mata zane, baƙar ƙasar hanya ta rufe jan har ya koma kalar hanta. Haka yake zuwa ya ajiye ta a ƙofarmu. Yayana ya daina fitowa su gaisa. Mata a wurin ɗiban ruwa suka ce ai ya gaji da ita, kunya ce ta hana shi faɗa. Gwaggo takan leƙa ta katanga ta ce, "Ga angon naki ya iso bisa kaskon tuya." Ni da na yi shekaru ina mafarkin mota mai sheƙi a ƙofar gidanmu, ni ce na roƙa a kawo mini ita da kashin tsuntsu. Nakan shiga ɗaki in yi kuka, sannan in wanke fuska in fito in tambaye shi abu ɗaya.

"Sun kama?"

"Ba su kama ba."

Zuwa bayan zuwa, ba su kama ba. Na fara cin abinci. Amma Hajja Dije da aka gaya mata sai ta ce dabarar zawarawa ce, kuma azumi yana matsowa.

Abin da ya warware maganar ba ni na shirya shi ba, Allah ne shaida. Wata Juma'a da safe ake bikin sunan jikar ƙanwar Hajja Dije a Abu Hujar, Hajja ta sa sabon mayafi, ta fito ta ga motar. Ta ce ba za ta shiga wannan ƙazantar ta je cikin dangi ba, maza ya je ya wanke ta. Ya ce, "Inna, a bari." Ta ce ita ta haife shi ko shi ya haife ta? Ya gangara mushra ya wanke ta tas, yadda ya saba. Ta shiga, suka hau hanya. Ba su kai kwalta ba fitilun biyu suka kama, ita kaɗai a gefensa, ni ina gida ina toya kisra, gurasarmu ta dawa.

Babikir ya ce ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce ya juya.

Na ji gurnanin motar a ƙofa da hantsi, na fito da gari a hannu. Hajja Dije ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Ke ɗiyar Malam Isa, ɗauko mayafinki. Ladi, ke ma taho, don kada a ce na sace muku ɗiya. Damazin za mu. In ƙarfen ga ƙarya yake yi, yau zan ji daga bakinsa." Kujerar baya ta motar nan an yi ta ne don jaka, ba don mutane ba. Ni da Gwaggo muka dunƙule a ciki, gwiwoyinmu a haɓa, tana tsine wa wanda ya ƙera ta da wanda ya saya da wanda ya bayar kyauta. Ni idona yana kan fitilun. Watanni ina roƙon Allah su mutu, ran nan tun daga ƙauye har Damazin roƙo nake kada su mutu, domin rana tana zafi, ruwan yana bushewa, in suka mutu Usta zai sake cewa lafiyarta lau.

Ba su mutu ba. Usta Haruna yana shirin rufewa ya tafi masallaci, da ya leƙa ya gan su sai ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, yau ta zo tana kuka." Ya ɗaga motar, ya cire ƙafar baya ta hagu, ya kira mu mu matso. Ya nuna mana wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ƙafar, da wani ɗan ƙarfe kamar yatsa da ke fuskantarsa. Ya ce sunansa hassas, shi ke ƙirga haƙoran yana gaya wa motar gudun ƙafar, kuma bakinsa maganaɗisu ne. Da ya zaro shi sai ga bakin ya yi gemu, baƙi ƙirin. Ya shafo shi a tafin hannun Hajja. Baƙin yashin kogin nan ne mai ƙyalli, wanda ruwa ke saukowa da shi daga duwatsun Habasha, ashe akwai ƙarfe a cikinsa, maganaɗisun yana tara shi duk wanka. Sannan ya bi wayar da yatsa har inda take haɗuwa da 'yar'uwarta, ya raba su, ruwa ya tsiyayo. Robar da ke rufe mahaɗar ta tsage saboda zafi. Ya ce yashin ya riga ya raunana muryar hassas, in ruwa ya shiga sai ta ɗauke gaba ɗaya, motar ta ga ƙafa uku na magana ɗaya ta yi shiru, sai ta kunna fitila ta janye hannunta. In ya bushe muryar ta dawo.

"Wa ya ce ka riƙa yi mata wankan lori?" in ji Usta. "Wagga ba lori ba ce, ya zol, 'yar gata ce. Bokiti ɗaya da tsumma, a kan tudu."

Hajja Dije tana ta murza yashin tsakanin yatsunta. Ta ce, "To, ya Usta, mi ya sa sai ran da za shi gidan su wagga?"

Usta ya dubi Babikir, ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya Hajja, wannan ba ciwon mota ba ne. Ɗanki za ki tambaya don mi ba ya yi mata wanka sai ran nan."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gareji, ranar Juma'a, makanikai suna kallo. Ni kuwa na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ban yi kukan littafi ba, mai zubo hawaye ɗaya-ɗaya kamar lu'ulu'u. Na yi irin na gaske, da majina, ina jin wani dutse da na ɗauka tun rasuwar mijina na fari yana sauka daga ƙirjina. Usta ya wanke hassas, ya busar da mahaɗar, ya sa mata sabuwar roba. Fitilun ba su sake kamawa ba har ranar da babanku ya rabu da motar ya sayi bokasi, bayan haihuwar ta biyu a cikinku, domin ba inda za a sa ku.

An ɗaura aurenmu bayan ƙaramar sallah. Ba zan ce muku komai ya zama zuma ba. Hajja ba ta je bikin sunan jikar ƙanwarta ba saboda tafiyar nan, ƙanwar ta yi fushi, kuma daga gidan ne maganar malami ta fito, domin sun fi son wannan labarin a kan na yashi. Yayana ma ya daɗe bai huce da zancen motar datti a ƙofarsa ba.

Ita kakarku ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka tana gidanta ina gidana, tana cewa gishirina ya yi yawa, gahawata ta yi ruwa, ina lalata ku da tatsuniya. Da ƙafafunta suka gaza, babanku ya kawo ta ɗakin da ke kusa da nawa, ni ke juya ta, ni ke shafa mata man riɗi a baya, tana faɗa ina shiru. A shekararta ta ƙarshe 'ya'yanta mata biyu suka zo daga Wad Madani da mota za su tafi da ita, sun ce can akwai asibiti, akwai lantarki, kuma uwa ta fi dacewa da hannun abin da ta haifa. Na haɗa mata kayanta a akwati, na fito da shi tsakar gida. Ta dubi akwatin, ta dube su, ta ja bargonta har wuya.

"Ku mai da shi ciki," in ji ta. "Ku bar ni wurin ɗiyata."

Ta rasu da damina ta gaba, da hantsi, kanta yana kan cinyata, tana cikin gaya mini cewa kunun ya yi zafi.